Abin da Yaya Isyaku Ya Kauce Wa

Na koyar da Turanci tun gashin kaina yana baƙi har ya yi fari ya fara zubewa, kuma a duk kalmomin da na cusa wa 'ya'yan mutane a ka, akwai guda ɗaya da ban taɓa rubuta ta a allo ba sai gabana ya faɗi. Kalmar ita ce swerve. Ku da kuka yi boko kun san ta, ko da yake na ji wasunku suna jefa ta inda ba wurinta ba, mutum ya sha kwana lafiya lau ya shiga layin gidansu, ya ce wai ya yi swerve. Ba haka ba ne, kuma tunda har yanzu ina da sauran ƙarfin gyara ku, bari in gyara. Wanda ya hango kwana tun daga nesa, ya rage gudu, ya kunna sigina, wannan juyawa kawai ya yi. Ita wannan kalmar sai mutum yana tafiyarsa a miƙe, hankali kwance, wani abu ya faɗo gabansa ba zato, hannunsa ya fizge kan abin hawa kafin zuciyarsa ta gama shawara. Da Hausa mukan ce ya kauce, ko ya goce, ko ya bauɗe, amma kowace akwai inda take ɗingishi: ana iya kaucewa a tsanake, gocewa sau da yawa ba da nufi ba ce, bauɗewa kuwa ta fi kusa da ɓata hanya. Ita ta Turancin ta haɗa gaggawa da niyya wuri ɗaya, kuma kusan kullum akwai abin da ake gudun takawa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, in za ku sa ta a jimla kada ku ajiye biro sai kun faɗi abin da aka kauce wa.

Wannan shi ne abin da kuka rasa a labarin yayana Isyaku. Ku 'ya'yana, da Rabi da ƙannenta 'ya'yan Yaya, kun taso kun tarar ana kiransa Isyaku Akuya tun daga garinmu Balan har tashar Gaya. An gaya muku direba ne da ya kauce wa akuya ya kifar da mota da mutane a kai, ya nakasa kansa ya nakasa wani. Ina sane da ranar da Rabi ta dawo daga Islamiyya leɓenta a fashe don ta yi dambe a kan sunan nan, ina kuma ganin yadda wasunku kuke sunkuyar da kai in an tambaye ku 'yan wane gida ne. Yaya ya rasu bai gyara maganar ba, ni ma na yi shiru domin shi ya ɗaure mini baki. Da sallar bana na je gaida Malam Sabi'u, wanda za ku ji matsayinsa a labarin nan gaba kaɗan, ya riƙe hannuna ya ce mu biyu kaɗai muka rage cikin waɗanda suka sani, shi kuma yana jin jikinsa, in rubuta kafin ƙasa ta rufe mu tare da maganar. To ga shi ina rubutawa, da izininsa.

Yaya Isyaku ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, da ya fara tuƙi kuwa sai ta samu sauƙi, ta koma ce masa Mai Mota. A-kori-kura yake ja, ta wani Alhaji a Gaya, yana kwasar hatsi da 'yan kasuwa daga ƙauyukanmu zuwa kasuwannin Gaya da Ajingi. Ba ya gudu, ba ya hira in yana tuƙi, ba ya cin goro a kan sitiyari. Matan da ke aika tukwanen ƙasa kasuwa sukan bar mota biyu ta wuce su jira tasa, don sun san ko murfi ba zai tsage ba. Ni kuwa ina son zama a gefensa tun ina ɗan makaranta har na zama malami na yi aure, ina kallon yadda yake riƙe kan motar nan da hannu biyu kamar mai riƙon jariri. Yakan ce mini Ticha in yana son ya tsokane ni, in kuma magana ta gaske ce sai ya ce Habibu.

A tasharsu akwai wata doka da ba a rubuta ba amma kowane direba ya san ta, kuma Yaya yana cikin masu tsananta ta. In ka yi lodin kaya da mutane, ba a kauce wa dabba. Wanda ya kauce wa mutum motarsa ta faɗi, ƙungiyar direbobi tana tsaya masa, ta wanke shi wajen mai mota, in ya warke ya dawo layinsa. Wanda ya kauce wa dabba ya zubar da fasinja kuwa, ya gama ɗaukar mutane a tashar nan har abada. Na sha jin Yaya yana nanata wa sababbin direbobi:

"Akuya ta shigo maka, ka riƙe sitiyarinka ka miƙe. Ka taka ta, ka tsaya, ka nemo mai ita ka ba shi haƙuri. Ana samun wata akuyar a kasuwa. Wuyan fasinja ba a sayar da shi."

Sai mutum na biyu, Malam Haladu. Shi ya karantar da ni da Yaya da rabin mazan Balan, a zaurensa muka koyi Fatiha muka koyi alwala, shi yake tafsiri da azumi mutane suna tahowa daga ƙauyuka a kan kekuna don su ji shi. Yana da wata murya mai kauri da in ya kira sunanka da ita, ko kana da gemu sai ka durƙusa. A shekarar da nake ba ku labari sai aka daina ganinsa. Babban ɗansa Malam Sabi'u ya karɓi makarantar da limancin, aka ce Malam ƙafa ce take damunsa, likita ya hana shi fita da yawan baƙi. Mu duka mun yarda. Gaskiyar ita ce gigin tsufa ya kama shi, yana manta sunan 'ya'yansa, yana manta ya ci abinci, wani lokaci ya farka lafiya ƙalau, wani lokaci ya tashi yana neman mahaifiyarsa da ta rasu tun kafin a haife mu. Ku yanzu kun san ciwo ne, har suna gare shi a asibiti. A lokacin, in malami ya rikice ba a cewa ciwo. Cewa ake ya yi wuridin da ya fi ƙarfinsa, ko ya saɓa alkawari da rauhanai, daga nan sai a koma ana tuhumar duk abin da ya taɓa karantarwa, iyaye su janye yaransu, 'yan matan gidan su rasa masu sallama. Abin da gidan Malam suke ɓoyewa ke nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina koyarwa a firamare a Toranke a lokacin, nakan zo gida ƙarshen mako in koma ranar Litinin da sassafe, Yaya ya rage mini hanya zuwa Gaya in nemi wata motar. Ƙarshen damina ne, an yanke gero, dawa tana tsaye ta fi tsayin mutum a kowane gefen hanya. An yi ruwa kafin asuba, burjin ya jiƙe. Motar cike take da buhunan sabon gero, 'yan kasuwa kaɗan suna zaune a kan kayan, sun juya wa iska baya sun lulluɓe kawunansu saboda sanyin safiya. Ni kaɗai ne a gaba tare da Yaya. Da muka fita gari kaɗan akwai wata kwana da dawa ta rufe, ga tsohuwar kuka a hannun dama, a hagu kuma ramin da aka haƙi burji. Muna shan kwanar nan na ga mutum a tsugune a tsakiyar hanya, ba ko zare a jikinsa, yana ɗibar yashi da hannu biyu yana zubawa a kansa kamar mai wanka. Ya ɗago ya dube mu. Farin gemun nan ko a mafarki na gan shi na san na wane ne.

Birki ba zai riƙe wannan kayan a kan jiƙaƙƙen burji ba, Yaya ya fi kowa sani. In ya yi dama kuka ce, kuma ni ne a gefen. Sai kawai na ga hannuwansa sun fizgi sitiyari hagu, motar ta yi wata ƙara, ta bar hanya, ta sulale cikin ramin ta kwanta a gefen direba. Da na dawo hayyacina ina kwance a kan Yaya, gilashi ya tarwatse, gero yana ta zuba shaaa daga buhun da ya fashe, a baya ana ta salati da nishi. Hannunsa na hagu yana waje, ƙofar motar ta danne shi da ƙasa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka, amma muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Habibu, ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"To ba ka gani ba. Ya shiga dawa ta bayan kukar. Cire rigarka ka bi shi, ka rufe shi, ka kai shi gida ta gonaki. Kada ka bi hanya."

"Yaya, hannunka fa!"

"Hannuna yana nan, ba inda za shi. Tashi kafin mutane su taho."

Na fita ta tagar da ta koma sama, na zagaya ta gaban motar. 'Yan kasuwar suna can baya cikin buhuna kowa yana ta kansa, ba wanda ya dube ni. Na tsallaka hanya na kutsa cikin dawa, raɓa tana jiƙa ni, na same shi a tsaye tsakanin kunyoyi yana karkarwa, yashi a gemunsa. Na kawar da idona na zura masa rigata. Mutumin da ban taɓa tsayawa a gabansa ba sai a durƙushe, yau ni nake ɗaga masa hannu ina sa shi a hannun riga. Ya dube ni ya ce:

"Kai ne ka kawo ruwan? Bai yi zafi ba, yaro. Kuma za mu makara Juma'a."

"Allah gafarta Malam, mu je gida a sake ɗumamawa," na ce masa.

Ya ba ni hannunsa ba musu, muka bi ta gonaki har bayan gidansu. Nan muka ci karo da Malam Sabi'u ba hula ba takalmi, ya fito nema tun da ya dawo daga masallaci ya tarar da ƙofar ɗakin a buɗe. Ya dubi mahaifinsa cikin rigata, ya dube ni da 'yar singileti, na gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Hawaye suka zubo masa. Ya shigar da Malam, ya miƙo mini wata riga, ya tara mazan gidan muka ruga wajen motar. Kowa ya ɗauka gudu na yi na nemo taimako.

Ko da muka isa an taru, ana ƙoƙarin ɗaga motar. An zaro Yaya, hannun ya karye wuri fiye da ɗaya. Cikin fasinjojin, wani mai sayar da gyaɗa da ake kira Mamman ya karya ƙafa, sauran ƙurjewa ce da targaɗe. Allah Ya sa akwai awakin wata tsohuwa da ke ɗaure a bakin hanya, ƙarar motar ta firgita su suka tsinke igiya suka bazu. Wani ya gan su ya ce ai akuya ce ta shigo masa, wani ya maimaita, kafin a sa Yaya a motar da za ta kai shi asibiti magana ta zauna. Ina so ku riƙe wannan da kyau: Yaya bai taɓa buɗe baki ya ce akuya ce ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Ba ya ƙarya, kuma ba zai haɗa sunan malaminsa da dabba ba ko a ɓoye. Shiru kawai ya yi, mutane suka cike shirun da abin da suka ga dama.

Da aka sallamo shi, hannun yana nan a jikinsa amma ya lanƙwashe, yatsun sun daina jin magana. Gidanmu ya zama wurin muhawara. Matarsa Yaya Asabe mace ce mai ido, kuma ita ta karɓi rigata da aka aiko daga gidan Malam a wanke a goge, ta juya ta, ta dube ni, ta je ta tsaya a kan mijinta.

"Baban Rabi, ni fa ba yarinya ba ce. Rigar Habibu ta bar gidan nan a jikinsa, ta dawo daga gidan Malam. Kai kuma da kake taka akuya ka zo ka ci tuwonka lafiya, yau ka zubar da mota saboda ita? Me za mu ci in sun kore ka? Mutuncin wani za mu dafa wa yaran nan?"

Ya sa ta ta zauna, ya gaya mata komai da murya ƙasa-ƙasa. Ta yi kuka, ta yi fushi da shi har ta daina yi masa magana na ɗan lokaci sai dai ta ajiye masa abinci ta juya. Amma ba ta taɓa furta wa kowa ba, ko 'yan ɗakinsu, kuma ita ce ta fara soya ƙosai a ƙofar gida kafin ma a yanke masa hukunci. Ku 'ya'yanta da kuka girma da ƙosan nan, ku san daga inda ya samo asali. Inna kuwa ba wanda ya gaya mata. Wata rana ina yi mata tsefen auduga sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Mai Mota ba ya kauce wa akuya. Ban tambaye ku ba, kuma kada wanda ya gaya mini."

Ni ne na fi kowa zafi, kun san hali. Na zauna na tsara wa Yaya dabara irin ta 'yan boko: ya ce mutum ne, bai gane shi ba, ya gudu cikin dawa. Ya yi dariya har hannun ya motsa ya ciji leɓe.

"Ticha ke nan. A Balan ne za a ce mutum ya gudu cikin dawa a bar maganar? Kafin azahar an bi sawu, sawun kuma ƙafa ba takalmi ne, tare da naka, har bayan gidan Malam. Kuma in ce ban gane shi ba, alhali na gane shi?"

Ana gobe zaman da ƙungiya za ta yanke wa Yaya hukunci, bayan la'asar, Malam Sabi'u ya yi sallama. Ya zauna a kan tabarma a gaban Yaya, shi da yake limaminmu, ya ce ya yanke shawara zai je tasha ya faɗi gaskiya, ba zai iya cin abinci ba alhali wani ya rasa nasa saboda gidansu. Na ji daɗi a raina, na ce to an zo wurin. Yaya ya bari har ya gama, sannan ya ce:

"Malam Sabi'u, in ka faɗa, hannun nan zai miƙe? Ka san tasha. Kafin magariba yaran mota sun fara kwaikwayon yadda ya tsuguna. Mutumin da ya koya mini yadda zan rufe tsiraicina in tsaya gaban Ubangijina, ba za a riƙa kwatanta nasa a wurin mai shayi ba ina raye. Yaran da ke zauren nan kuma ina za su?"

"Amma sana'arka, Isyaku. Sunanka."

"Ni direba ne, an saba zagina. Shi ba a saba ba."

Washegari na raka Yaya zaman. Ciyaman ɗin tashar tsoho ne da yake ƙaunar Yaya, kuma bai yarda da labarin akuyar ba ko kaɗan. Ya yi ta buɗe masa ƙofa, kusan roƙonsa yake.

"Isyaku, mun san ka. Ka ce mana mutum ne, ka faɗi ko wane ne, mu aika a tambaya, mu rufe maganar nan. Ko hannunka bai koma daidai ba, muna da aikin da za mu ba ka a nan."

"Ciyaman, Allah Ya saka da alheri. Abin da na kauce wa na riga na kauce masa. Hukuncin da muka saba yi wa kowa, a yi mini."

Aka yi masa. Ba su zalunce shi ba, dokarsu suka bi, dokar da shi kansa ya taya su tsarewa. Alhajin ya karɓi motarsa ya gyara ya ba wani. Muna fitowa daga tashar wani yaron mota ya yi kukan akuya a bayanmu, aka kwashe da dariya. Na juya zan koma, Yaya ya riƙe mini riga da hannunsa mai lafiya, ya ja ni muka wuce.

Sunan ya riga ni isa Toranke. A zangon nan darasi ya kawo mu kan kalmar da na fara muku da ita, na rubuta ta a allo, na yi bayani, na ce wa zai sa ta a jimla. Wata yarinya mai kaifin kai ta miƙe ta haɗa jimlarta tsaf, da direba da akuya a ciki, ajin ya fashe da dariya har da masu buga benci. Na tsaya da alli a hannu, gaskiya ta cika mini baki har tana yi mini ɗaci. Jimlar daidai take, ba kuskure ko ɗaya, don haka na ce ta yi kyau, a tafa mata. Tun daga ranar na koma kawo misali da mai keke da rami, har na yi ritaya.

Yaya ya koma gona. Ya koyi riƙe fartanya da hannu ɗaya yana tokare ƙotar da shanyayyen ɗayan, ya yi kiwo, ya yi awon hatsi a kasuwa. Abin da ya fi damunsa ba sunan ba ne, ƙafar Mamman mai gyaɗa ce, wadda ta warke da ɗingishi. Mamman ya daɗe ba ya amsa masa sallama, kuma yana da hujja, a saninsa an karya shi ne saboda dabba. Duk damina Yaya sai ya je gonar Mamman ya yi masa noman fari kafin ya taɓa tasa, ko an kula shi ko ba a kula shi ba, har Mamman ya gaji ya fara kawo masa fura bakin gona. Ban taɓa jin Yaya ya yi da-na-sani ba, kuma na zauna da shi a lokutan da tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba. Na yi karatu a wurin malamai da yawa, na karanta littattafan mutane masu manyan sunaye, ban ga wanda nake jin kunyarsa nake kuma alfahari da shi kamar yayana ba.

Gab da azumin shekarar, Malam Sabi'u ya aiko mana cewa Malam ya tashi garau, yana gane mutane, yana tambayar tsofaffin ɗalibansa, mu zo mu gaishe shi kafin abin ya juya. Muka je. An fito da shi zaure an zaunar da shi a kan buzunsa, da rawani, da carbi, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Akwai wasu dattawa biyu da su ma suka zo gaisuwa. Muka durƙusa. Ya kira sunana daidai, har ya tambaye ni ko har yanzu ina koya wa yara yaren Nasara. Sannan idonsa ya sauka a kan hannun Yaya.

"Isyaku, me ya samu hannunka?"

Kafin wani cikinmu ya yi magana, ɗaya daga cikin dattawan ya riga mu, da kyakkyawar niyya, ya ce ai hatsari ya yi, akuya ya kauce wa ya kifar da mota da mutane. Na ga fuskar Malam ta canza. Ya gyara zama, tsohuwar muryar nan ta dawo gaba ɗayanta, har sai da na ji ta a ƙirjina.

"Isyaku! Kai da na karantar? Ka ɗauko rayukan bayin Allah amana, ka zubar da su saboda dabba? Ina hankalin da na san ka da shi?"

Malam Sabi'u ya yunƙura, ya ce, "Baba..." Yaya ya ɗaga masa hannu kaɗan ba tare da ya dube shi ba, Malam Sabi'u ya koma ya zauna. Yaya ya ƙara sunkuyar da kai, ya sha faɗan nan tas, Malam yana yi yana nuna shi da carbi.

"Ka yi mini alkawari, in Allah Ya maimaita maka irin wannan, ba za ka ƙara ba."

Yaya ya amsa, idonsa a kan tabarma:

"Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa. Wannan alkawarin kam ba zan iya ba."

Malam ya dube shi, ya girgiza kai, ya juya wajen dattawan.

"Kun gani ko? Tun yana yaro haka yake, taurin kai. Miƙo hannun nan."

Ya karɓi shanyayyen hannun ya ɗora a kan cinyarsa, ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa, ya shafa tun daga kafaɗa har yatsu. Malam Sabi'u ya tashi ya shige cikin gida da sauri, ya rufe fuska da hannun riga.

Da muka fito ban iya haɗa ido da kowa ba. Muna tafe ina share hawaye ina huci, na ce Yaya wannan wace irin rayuwa ce, ka ba da hannunka, ka ba da sana'arka, ka ba da sunanka, sannan a zaunar da kai a gaban mutane a yi maka faɗa a kai. Na juya in ga ko yana ji na, sai na tarar murmushi yake yi, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ka ji muryarsa kuwa, Habibu? Yau ta dawo sosai. Da na miƙe a ranar nan, wa zai yi mini wannan faɗan?"